Safiya Ta Uku

Baƙar kwat ɗin ta fi wata shida tana bin sa. Da safe ya tafi da ita aiki cikin ledar mai guga, ya rataye a akwatin ƙarfensa. Da yamma ya dawo da ita. A aljihunta fasfo, a gindin ledar baƙin takalmi.

Abokan aikinsa a tashar gyaran jiragen ruwa ta Vancouver a Kanada sun gaji da tsokanarsa. Wani ya ce ango ne da amarya ta gudu ta bar shi. Wani ya ce kotu ke nemansa. Pyo Du-sik bai taɓa tanka musu ba. Sai ya sauke gilashin walda a fuskarsa, ya koma cikin tartsatsi.

Ba ya fita gari. Ba ya shan abin da zai sa barcinsa ya yi nauyi. Ɗakin da ya kama ma gindin filin jirgi yake, inda kowa ke gudu saboda ƙara. Ran Lahadi yakan zauna bakin taga da kwanon taliya, ya bi jirgin da ke nufar gida da ido har gajimare ya haɗiye shi.

Duk maganar mutum ɗaya ce ta jawo.

Lokacin sabuwar shekara ya je tsibirinsu neman auren Bo-ram. Ya kai kwalin nama da 'ya'yan itace, ya durƙusa gaban mahaifinta, tsoho Ok mai shanyar ƙananan kifi, ya kai goshi ƙasa. Tsohon ko kallon kwalin bai yi ba.

"Yaya nisan inda kake da nan?"

"Kusa ne, Baba. Awa goma sha ɗaya zuwa sha biyu a jirgi."

"Ban tambaye ka awa ba."

"Kilomita dubu takwas da 'yan kai."

"Shi ne kusa."

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Ya dafe ƙirji har ta lafa.

"Ƙanena ma haka ya ce da zai tafi Amurka. Kusa ne, Yaya. Da tsohuwarmu ta rasu, ya iso ya tarar ana wanke kwanukan baƙi."

Tsohon ya ci gaba.

"'Ya ɗaya gare ni, ba ni da ɗa namiji. Ran da na mutu, mijinta ne zai ɗaura ƙyallen makoki a damtse, ya tsaya gefen hotona ya karɓi gaisuwa. Kwana uku ne, ba a ƙarawa. Safiya ta uku a fita da ni ta wannan ƙofar, don ni ba a asibiti za a yi nawa ba. Gil-su kuwa, ɗan maƙwabcina, in na yi tari da ƙarfi yana jina daga ɗakinsa."

"Zan iso, Baba."

"To, mu gani. Wata rana ƙanwata za ta kira ka. Wataƙila na mutu, wataƙila ina zaune ina cin shinkafa. Ba za ta gaya maka ba. In ka shigo kafin a fita da ni, ka ɗauki Bo-ram. In ka makara, kar ka ƙara kiran sunanta."

Daga bayan ƙofa muryar Bo-ram ta fito.

"Baba, wannan ai ba gwaji ba ne. Zalunci ne."

Du-sik bai juya ba. Ya ce, "Na yarda."

* * *

Kiran ya shigo wata Lahadi, jim kaɗan bayan ya raka jirgin ranar da ido.

"Du-sik? Gwaggon Bo-ram ce. Lokaci ya yi."



"Gwaggo, yana da rai?"

Ya ji numfashinta. Ya ji kukan tsuntsun teku a bayanta. Sai ta kashe.

Ya kira Bo-ram. A rufe. Ya sake kira. A rufe.

A can gida Litinin ce, gari ya riga ya waye. Ranar farko ta fara tafiya, shi kuma ba wani jirgin sai gobe. Ya kira shugabansa na wurin aiki. Mutumin bai ja magana ba.

"Alhamis da safe in gan ka. In ban gan ka ba, akwai masu jiran wurinka."

Takardar zamansa a ƙasar saura kaɗan ta fito, kuma a kan wannan aikin take rataye. Ya yanki tikitin zuwa da dawowa. Zai sauka Talata, ya juyo Laraba da dare.

Ya sa kwat ɗin tun a ɗaki. Ta yi masa yawa. Bai san ya rame haka ba.

A cikin jirgi ya ƙura wa ɗan allon gabansa ido. Shuɗi ne zalla, sai wani ɗan farin jirgi kamar ƙwayar shinkafa a tsakiya. Ya rufe ido, ya buɗe. Ƙwayar na nan inda take. A waje rana ta ƙi faɗuwa, tana bin su kamar ita ma gaisuwar za ta.

Wata tsohuwa ce a gefensa, ta dawo daga ganin jikoki. Ta daɗe tana satar kallon baƙin laktayen da ke wuyansa. Can ta ɓare lemo, ta miƙa masa rabi.

"Wa ya rasu, ɗana?"

"Ban sani ba tukuna."

Ta dube shi. Ta sa masa sauran rabin a hannu.

Shi kansa ya rasa abin da zai yi fata. In tsohon na raye, to wasa ake yi da ransa. In ya mutu, to yanzu haka Bo-ram na tsaye ita kaɗai gaban hoto, mutane na shiga suna fita, ba mai riƙe mata hannu. Da ya hango ta haka, sai ya ji ya yafe wasan. A yi ta wasan da shi har ya tsufa.

Amma zuciya ta ƙi. Ta riƙa nuna masa ɗakin, da hayaƙin turare, da hoton a tsakiyar fararen furanni. Ya riƙa maimaita abin da zai yi. Zai cire takalmi. Zai kunna turare. Zai kai goshi ƙasa sau biyu, yadda ake yi wa mamaci, ba sau ɗaya na masu rai ba. Sau biyu. Ya maimaita har jikinsa ya haddace.

Wani wuri a tsakiyar ruwan, kwanan watan da ke allon ya yi tsalle. Litinin ta zama Talata, alhali rana ba ta faɗi ba.

Ya san da wannan. Tekun nan haka yake. In za ka gida ya cinye maka yini guda, in za ka koma aikin mutane ya mayar maka. Amma bai taɓa jin zafin cin ba sai yau.

Ya sauka filin jirgin Incheon da yamma. Ya hau motar kudu, ta yi ta tafiya har ƙafafunsa suka kumbura. Da ya iso Tongyeong, garin bakin teku, jirgin ruwan ƙarshe ya daɗe da tashi. Ya kwana a gidan wanka na haya, inda matafiya kan kwana, kwat ɗin a ninke ƙarƙashin kansa.

Bai damu ba. Na farko da sassafe zai kai shi kan lokaci.

* * *

Gari ya waye ba teku.

Hazo ya sauko ya shafe komai. Ba tsibirai, ba fitilar bakin ruwa, ko ƙarshen gadar tashar ba a gani. Matar da ke sayar da tikiti ta ja gilashin tagarta.

"Ba jirgi sai ya ɗaga."

"Yaushe zai ɗaga?"

"Ka tambaye shi."

Du-sik ya fito ya tsaya bakin ruwa. In rana ta yi kyau, daga nan ana hango dutsen tsibirin. Ya ƙetare ruwan da ya raba duniya biyu, ga shi ɗan wannan ya tare shi.

"A'a! Baturen Kanada! Wa ya mutu?"

Ya juya. Tak Gil-su ne, cikin dogon takalmin roba da rigar leda, yana sauke kwandunan kifi daga kwale-kwalensa mai inji. Ajinsu ɗaya tun firamare. Bai taɓa barin tsibirin ba, kuma bai taɓa barin son Bo-ram ba.

Du-sik ya isa gabansa.

"Gil-su. Faɗa mini."

"In faɗa maka me? Kwat ɗin ta yi maka kyau. Aro ka yi?"

"Gil-su!"

Gil-su ya ajiye kwando. Ya goge hannu a cinya.

"Kai wawa ne har yanzu. Da ya mutu, a nan za ka gan ni ina fama da kifi? Jiya kwano biyu ya ci. Ni na kai masa kifin."

Du-sik ya zauna kan wani jiƙaƙƙen akwati, ya sa kai tsakanin hannuwa.

"Tashi, za ka ɓata kayan angonci."

"Kai ni."

"Me?"

"Kai ni tsibiri."

Gil-su ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba.

"Ka san abin da zan samu in ka makara?"

"Na sani."

"Kuma kake roƙona. Tun muna yara ba ka da kunya. Kai ne ka ci abincin ranata shekara guda."

"Kai ni, Gil-su."

Gil-su ya daɗe yana kallon hazon. Ya tofar da yawu cikin ruwa.

"Hau. Ba don kai ba. Ba na so ta yi shekara arba'in tana zuba mini shinkafa tana cewa a ranta hazo ne ya aura mini ita."

Suka shiga farin hazon. Injin na tafiya kamar mai jan ƙafa. Ta ko'ina igiyoyin masu kiwon ganyen teku ne, da fararen balo-balo suna leƙowa su nutse.

"Ba ya gudu ne?"

"In igiya ta naɗe farfela, a nan za mu yini. Ka ƙetare naka tekun kana zaune ana kawo maka abinci a faranti. Wannan ɗan ruwan ka bar wa masu shi."

Sama ta fara haske. Rana ta fito fara fat kamar kwanon tangaran, ta riƙa hawa. Yana kallonta tana hawa, ba abin da zai iya.

Can Gil-su ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Bo-ram ta rame."



* * *

Ya hau tudun da gudu. Ƙofar gidan a buɗe take.

Tsoho Ok na zaune kan dakalin katakon da ke gaban ɗakuna, ya tanƙwashe ƙafa. Gefensa ɗan tebur. A kan teburin hotonsa ne cikin gilashi, da ƙyallen makoki mai baƙin layi biyu. Gwaggo na bakin kicin. Bo-ram na tsaye jikin ginshiƙi, idanunta sun kumbura.

Ba wanda ya ce ya hau. Nan tsakar gida, kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da takalminsa, ya zube ya kai goshi ƙasa.

Ya miƙe. Kansa na juyawa, ƙasar na lilo kamar har yanzu yana sama. Idonsa ya sauka kan hoton. Kafin ya ankara, jikinsa ya sake zubewa.

Gwaggo ta ƙwalla ihu.

"Wayyo! Biyu! Ɗan nan, biyu ka yi!"

Du-sik ya daskare, goshinsa a ƙasa.

"Biyu," in ji tsohon a hankali. "To, sannu da ƙoƙari. Ka ƙetaro teku ka binne ni da raina."

"Baba, ka gafarce ni. Gajiya ce."

"Tashi. Ai ba ka yi kuskure ba. Mamaci ka tarar. An fita da ni tun rana na bayan itacen can. Yanzu haka ina kan tudu ana zuba mini ƙasa."

"Hazo ne, Baba."

"Ran da zan mutu da gaske, an yi maka alkawarin ba hazo?"

Gil-su ya shigo yana haki.

"Kawu, ni shaida ne. Tun asuba yana tasha."

"Kai kuma wa ya tambaye ka?" Tsohon ya dubi takalmin robar, ya dubi kwat ɗin. "Au. Ko zuwan ma, a bayan wani ka zo."

Ya tura ƙyallen da yatsa zuwa bakin teburin.

"Gil-su. Ɗauka."

Hannun Bo-ram ya riga shi.

Ta damƙe ƙyallen a ƙirji. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Kwana uku kun ƙwace mini waya. Kwana uku ina kallon hoton ubana a tebur, shi kuma yana gefe yana neman ƙarin miya. Kowa na da abin cewa. Ni wa ya tambaye ni?"

"Ajiye," in ji tsohon. "Mace ba ta ɗaura wannan."

"Wa ya kwana da kai a asibiti bara, Baba? Wa ya riƙe hannun Inna har ta cika? Namiji ne?"

"Bo-ram!" in ji Gwaggo.

"Ki bar ni, Gwaggo. Yau dai ki bar ni."

Ta zura ƙyallen a hannunta, ta ja shi har damtse. Ya yi mata yawa. Ta riƙe da ɗaya hannun.

"Ni zan tsaya. Duk wanda ya zo gaisuwarka, ni zai tarar. In dangi sun ga abin kunya ne, su zauna gidajensu." Ta juya. "Yaya Gil-su, ka yi haƙuri. Kana da kirki, yau ma ka nuna. Amma ba zan aure ka don kana jin tari ta katanga ba."

Gil-su ya sosa ƙeya. Ya yi wani guntun murmushi.

"Kifina na jirana," ya ce.

Ya fita. Ƙarar takalmin robarsa ta daɗe tana sauka tudun.

Zuciyar Du-sik ta buɗe kamar an ɗaga taga. Ya yi taku ɗaya.

"Bo-ram."

"Tsaya nan, Yaya."

Ya tsaya.

"Ba zan bi ka ba."

"Me kika ce?"

"Dubi kanka. Wata shida kana yawo da kayan makoki. Ka bar ci, ka bar barci. Kana kwana gindin jirgi, kai kaɗai, ba goyo, ba komai. Duk da haka ka makara. Ni fa? Da ɗa a baya, da wani a hannu?"

"Hazo ne kawai. Da ba don..."

"Kullum kana ce mini kusa ne. Na yarda, don ina so in yarda. Ina kallon sama ina cewa rabin yini ne, Bo-ram, rabin yini. Ashe ba rabin yini ba ne. Jiran jirgi ne, da mota, da wani jirgin, da abin da teku ya ga dama."

"Takardar saura kaɗan ta fito. In ta fito, ke ma..."

"In ta fito, tekun zai ragu?"



"Ai kin san nan ba aiki," ya ce a ƙarshe, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tun da aka sallame mu daga ƙera jirage, wa ke neman mai walda? In na zauna, da me zan riƙe ki?"

"Na sani."

"To me kike so in yi?"

"Ban sani ba, Yaya!" Kukan ya ƙwace mata. "Ban ce ka zauna ba. Ban ce ka tafi ba. Ina son ka tun ina 'yar makaranta, ban iya son wani ba. Amma ga inda zan tsaya. Na gaji da son murya a waya. Na gaji da kai kana safe ina dare."

Idon tsohon na kan ƙyallen da ke damtsen 'yarsa. Ya miƙa hannu a hankali, ya kifa hoton.

Daga ƙasan tudu aka ji busa, doguwa.

Hazo ya ɗaga. Jirgin ruwan tsakar rana ya iso. Shi kaɗai ne zai kai shi motar da za ta cim ma jirgin dare. In ya hau, tekun zai mayar masa da yinin da ya ci, gobe da safe a gan shi bayan gilashin walda.

"Naka ne, ɗan nan," in ji Gwaggo, wannan karon da tausayi. "Ba ya daɗewa."

Du-sik ya dubi ƙofa. Ya dubi Bo-ram. Ba ta kalle shi ba, ta dai riƙe ƙyallen kar ya zame.

Jirgin ya sake busa.

Ya sunkuya, ya kama igiyar takalminsa.

"Ban ce ka hau mini dakali ba," in ji tsohon.

"Na sani, Baba."

"Ban ce na ba ka ba. Ka makara."

"Na sani."

Ya kwance na dama. Ya kwance na hagu. Ya jera su gindin dakalin, kusa da na Bo-ram.

Sannan ya miƙe, ya tsaya da safa kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sanyi ya ratsa masa tafin ƙafa. Ba wanda ya ce ya hau, ba wanda ya ce ya fita.

Can ƙasa, ƙarar injin jirgin ta yi ta raguwa har ta ɓace.